Sharhi a Kan Hutun Iyali a Tsibirin Zanzibar Tare da Yarinya 'Yar Shekara Uku

Tsarin hutun da kamfanonin shirya tafiye-tafiye ke sayar wa masu zuwa Zanzibar an yi shi ne domin manya, musamman sababbin ma'aurata, ba domin iyalin da ke tafe da ƙaramin yaro ba. Wannan shi ne hukuncin da na yanke bayan da muka je tsibirin ni da uwargida da 'yarmu mai shekara uku a cikin watan Agusta, ta hannun wani kamfani da ya haɗa mana tikiti da masauki da yawon buɗe ido a kan farashi ɗaya. Tsibirin kansa bai ba mu kunya ba, kuma ina ganin da wuya a sami wani wurin hutu na bakin teku da zai fi shi dacewa da iyalin Musulmi, amma sai da muka yanke kusan rabin abin da aka jera mana a takarda kafin yarinyar ta sami sukuni, mu ma muka samu.

Batun takardu shi ne inda kamfanin ya ci kuɗinsa da halal. Zanzibar yanki ne na ƙasar Tanzaniya tun bayan haɗewarsa da Tanganyika a 1964, saboda haka bizar Tanzaniya ake nema, kuma mai fasfon Nijeriya ba ya samunta a filin jirgi idan ya sauka, sai ya nema ta intanet tun daga gida ya jira amincewar hukumar shige da fice, abin da kan ɗauki makonni. Ma'aikaciyar da ta riƙe takardunmu ta hana ni biyan kuɗin tikiti har sai da bizar ta fito, kuma ta yi daidai. Akwai katin rigakafin cutar shawara wanda kowa zai nuna har da yarinya, sannan tun daga ranar 1 ga Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa duk baƙon da zai shiga sayen inshora ta musamman daga kamfanin inshorarta, dala 44 ga babban mutum, ko da kuwa yana da wata inshorar tafiya daga ƙasarsa. Mun tashi daga Kano muka bi ta Addis Ababa, muka sauka a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume. Agogon can yana gaban namu da awa biyu, abin da babba ba zai damu da shi ba, amma ya isa ya rikita lokacin barcin yarinya na wasu kwanaki.

An fara sauke mu ne a wani ƙaramin masauki a tsohon gari, wanda ake kira Stone Town, wurin da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Wanda ya saba da lungunan cikin birnin Kano, daga Kurmi zuwa Jakara, ba zai ji baƙunci sosai ba, domin hanyoyin matsattsu ne, mota ba ta shiga mafi yawansu, babura da kekuna ne ke fitowa mutum ba zato, gidaje kuma sun haɗa kai har rana ba ta cika sauka ƙasa ba. Keken tura yara da muka ɗauko daga gida bai yi amfani ba ko kaɗan a nan, sai zanen goyo ne ya fitar da mu, kuma matan garin da ke zaune a dakalan ƙofar gida sukan yi murmushi idan sun ga uwargida da goyo, domin su ma haka suke yi da nasu atamfofin. Masaukin tsohon gidan 'yan kasuwa ne mai ƙofar katako da aka sassaƙa, yana da tsafta, an ɗaura gidan sauro a kowane gado, amma matattakalarsa tana da tsayi kuma ba ta da abin kariya a gefe, ɗakin cin abinci kuwa a can saman bene yake. Wanda ke da yaro mai ƙiriniya ya nemi ɗakin ƙasa tun kafin ya biya.

Jagoran da aka haɗa mu da shi mutum ne mai ilimi, ya kuma yi niyyar nuna mana komai a yini ɗaya: tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal, da gidan nan da ake kira Beit al-Ajaib wanda Sarkin Zanzibar Barghash ya gina a 1883, wanda wani sashensa ya rufta a watan Disambar 2020 don haka daga waje kawai muka gan shi, da majami'ar Anglikan da aka gina a filin tsohuwar kasuwar bayi bayan rufe ta a 1873. Wannan wuri na ƙarshe ya cancanci a ba shi lokaci da natsuwa, amma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi suna da duhu da ƙunci, ba wurin shiga da ƙaramar yarinya ba ne, sai muka yi karɓa-karɓa, ɗaya ya shiga ɗaya ya tsaya da ita a inuwa. Da rana ta take sai uwargida ta ce, "Maigida, yarinyar nan ta gaji, tarihin nan ba zai gudu ba." Jagoran bai ji daɗi ba da farko, domin shi aikin da aka biya shi yake so ya cika, amma da ya ga halin da ake ciki ya raba mana yawon gida biyu ba tare da neman ƙari ba.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali a tsohon garin shi ne sha'anin addini da abinci. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, masallatai suna ko'ina, ana jin kiran salla daga kowane ɓangare, kuma mutum ba ya buƙatar tambayar ko naman da aka kawo masa yankan Musulmi ne. Yawancinsu mazhabar Shafi'iyya suke bi, don haka wanda ya taso a kan Malikiyya zai ji liman yana bayyana Bisimilla a sallar da ake karatu a fili, akwai kuma masallatan mabiya mazhabar Ibadiyya da suka samo asali daga zamanin mulkin Oman. Abincinsu bai yi nisa da namu ba: shinkafa dafa-duka mai kayan ƙamshi da suke kira pilau, da tuwon masara mai tauri da suke kira ugali, da tsire, da kifi cikin miyar kwakwa, da soyayyen dankalin Turawa da aka haɗa da ƙwai, wanda shi ne yarinyar ta riƙe har muka dawo. Kasuwar abinci ta dare da ke lambun Forodhani tana da daɗin kallo, musamman samarin da ke tsalle suna faɗawa teku kafin magariba, sai dai ban yarda a ba yarinya kifi ko jatan landen da aka jera a kan tebur tun yamma ba, domin babu wanda zai iya cewa ga lokacin da aka dafa su. Ruwan rake da aka matse a gabanmu da citta da lemun tsami, shi kam mun sha.

Tafiya tsibirin Changuu, wanda aka fi sani da tsibirin kurkuku, ita ce yawon da na ga ya fi dacewa da yaro, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali. An gina kurkukun ne a 1893 amma ba a taɓa tsare fursunoni a ciki ba, sai aka mayar da shi wurin killace masu cutar shawara, yanzu kuwa abin da ke kai mutane shi ne manyan kunkurai irin na Aldabra waɗanda gwamnan Ingila na tsibiran Seychelles ya aiko da na farkonsu kyauta a 1919. Yarinyar ta tsaya gaban wani kunkuru da ya kusa kai mata ƙirji ta kasa cewa komai, har yau kuma shi take ba 'yan uwanta labari. Matsalar ita ce kwale-kwalen. Tafiyar kusan rabin awa ce a kan teku, kuma rigunan kariya daga nutsewa da ke ciki duk na manya ne, waɗanda idan aka sa wa yarinya za ta zame ta fice ta ƙasa. Sai da na ƙi shiga, matuƙin ya je ya aro ƙarama a wurin wani abokinsa. Kamfanin ya san shekarun yarinyar tun daga takardar biza, kuma wannan abu ne da ya kamata ya tanada ba sai an yi gardama a bakin ruwa ba. Gara a tafi da sassafe, domin da rana ta yi iska takan taso, igiyar ruwa ta yi ƙarfi.

Inda nake so mai karatu ya fi mayar da hankali shi ne zaɓen gaɓar da zai sauka, domin hotunan da ake tallatawa ba sa nuna wannan. A gabashin tsibirin, wato ƙauyukan Paje da Jambiani da Matemwe, teku yana janyewa sau biyu a kowace rana, ya yi nisa ƙwarai har mutum ya riƙa hango ruwan can nesa, ya bar fili mai duwatsu da ƙananan kududdufai, sannan bayan wasu sa'o'i ya dawo. Lokacin wannan janyewa yana gusawa kullum da kusan minti hamsin, don haka ba za a iya tsara wankan yarinya a kan lokacin da ta saba ba. A cikin filin da ruwa ya bari akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi da ke maƙale a jikin duwatsu, wadda idan aka taka ta ƙayar kan karye a cikin ƙafa, shi ya sa takalmin roba ya zama dole ga babba da yaro. Wurin yana da nasa kyau, domin a lokacin ne matan ƙauyen ke shiga gonakinsu na ciyawar teku, suna ɗaure ta a jikin igiyoyi da turaku, sana'ar da ta zama abin dogaro ga gidaje da yawa a can. Amma iska tana da ƙarfi a Paje, masu wasan lilo da lema a kan ruwa sun cika gaɓar, ba wurin sakin yarinya ba ne.

A arewa kuwa, a Nungwi da Kendwa, ruwa ba ya janyewa da nisa, ana iya shiga kusan kowane lokaci, rairayin kuma fari ne mai laushi. Tsarin da aka ba mu tun farko ya sa mu a gabas ne bayan mun bar tsohon gari, sai da muka nemi a mayar da sauran kwanakinmu Nungwi, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi daga tsohon gari, kuma a nan ne hutun ya zama hutu. Otal ɗin ya ba mu ɗaki a ƙasa kusa da wurin cin abinci, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, akwai sashe marar zurfi a tafkin ninkaya domin yara, masu dafa abinci kuma sun yarda su dama wa yarinya kunu da safe duk da ba ya cikin jerin abincinsu. Ma'aikatan suna da son yara ƙwarai, ba na ganin ido ba. Abin da zan rage musu maki a kai shi ne kiɗan mashaya da ke kaiwa tsakar dare a ƙarshen mako, da kuma rashin mai gadin tafki bayan la'asar. Ya kamata kuma iyali su sani cewa gaɓar otal-otal duniya ce daban da cikin gari: akwai giya, akwai baƙi da tufafin wanka, duk da cewa a cikin ƙauye da kasuwa hukuma tana buƙatar baƙi su rufe jiki daga kafaɗa zuwa gwiwa. Uwargida ta shiga ruwa da doguwar rigar wanka da ɗankwali, babu wanda ya kalle ta sau biyu. Masu tallar yawon jirgi da sarƙoƙi a bakin ruwa suna da naci, amma idan aka yi musu sallama aka ce an gode sukan wuce.

Daga sauran yawon da aka jera mana, mun je dajin Jozani ganin jajayen biran nan da ba a samun su a ko'ina sai Zanzibar, tafiya ce gajera a inuwa wadda yarinya ta iya da ƙafarta, kuma birai ba sa gudun mutane. Gonar kayan ƙamshi ta burge uwargida fiye da kowa, domin ta ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin itatuwansu, amma ta yi wa yarinya tsawo. Fita kallon kifayen dolfin da asuba da yawon yini guda a jirgin ruwa mai filafilai duk mun soke su, kamfanin kuma bai mayar da ko sisi ba, yana mai cewa an riga an biya masu jiragen.

Ta fuskar lafiya, mun ga likitan yara kafin mu tashi, ya rubuta maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, domin cutar ta ragu sosai a tsibirin amma ba ta ƙare ba. Ruwan gora kawai muka sha, kuma daga hantsi zuwa la'asar yarinya ba ta fita rana ba sai da hula. Watannin Yuni zuwa Oktoba su ne na sanyi-sanyi da rashin ruwan sama, Maris zuwa Mayu kuwa damina ce mai ƙarfi wadda otal-otal ke karya farashi a cikinta saboda ƙarancin baƙi. Akwai harajin kwana da otal ke karɓa a kan kowane baƙo, wanda ba ya cikin kuɗin da muka biya a Kano, kuma ba a gaya mana ba sai ranar fita. Tsaraba kuwa a kasuwar Darajani muka saya da shilin ɗin Tanzaniya, inda kanumfari da kirfa suka fi araha nesa ba kusa ba a kan shagunan da ke kusa da otal, muddin mutum ya iya ciniki.