Magnetoscop 1.070: amfaninta da iyakarta wajen binciken fikafikan turbin

Maganaɗisu yana kama tsantsar nikel har sai zafinsa ya kai wajen digiri 358 a ma'aunin Salsiyas, amma da zarar an gauraya shi da kuromiyam mai yawa domin ya jure wuta, wannan hali yakan kusan ɓacewa. Inconel 718, wani gaurayen ƙarfe na nikel da kuromiyam da ake amfani da shi a injin turbin, alal misali, ba ya komawa kamun maganaɗisu sai an sanyaya shi zuwa kusan digiri 112 ƙasa da sifili, kuma a zafin ɗaki ma'aunin karɓar maganaɗisunsa bai wuce 1.001 da wani abin kirki ba, wato kusan daidai da na iska, wanda yake 1. Saboda haka duk wani ɗan ƙari a wannan ma'auni da aka gani a fiffiken turbin (injin da iska mai zafi ko tururi ke juya fikafikansa) bayan ya daɗe yana aiki yana iya zama alamar cewa wani abu ya sauya a cikin ƙarfen.

A nan ne Magnetoscop 1.070, ta kamfanin Foerster da ke Jamus, take da amfani. Na'urar hannu ce, ana ɗora kan awonta a jikin ƙarfen ba tare da an yanke ko an kankare komai ba, kuma tana auna karɓar maganaɗisu tsakanin 1 da 2 da irin kaifin da ƙarfe mai raunin maganaɗisu yake bukata.

Abin da ya sa awon yake da ma'ana shi ne, ƙarfin yawancin gaurayen ƙarafan nikel da ake yin fikafikan turbin da su yana fitowa ne daga ƙananan ƙwayoyin nikel da alminiyam, wato Ni3Al, waɗanda atom ɗinsu ke jere cikin tsari. Idan fiffike ya daɗe yana miƙewa sannu a hankali ƙarƙashin tsananin zafi da ƙarfin juyawa, wannan tsari yakan rikice a wasu wurare, kuma an lura cewa karɓar maganaɗisu tana ƙaruwa a inda wahalar ta fi yawa. Na'urar tana nuna wa injiniya wurin da ya kamata ya fi sa wa ido.

Sai dai a ganina, wanda ya ɗauki lambar da ta bayar a matsayin hukunci ya yi gaggawa. Iskar oksijin ma tana janye kuromiyam zuwa fatar ƙarfen, ta bar ƙarƙashinta da ƙarancinsa, kuma wannan yakan ɗaga awon ko da ƙarfen bai miƙe ba. Ɓurɓushin baƙin ƙarfe daga burushi ko guduma ma haka yake yi. Awon na'urar shi kaɗai ba ya bambance waɗannan dalilai, ga kuma lanƙwasar fiffike da sirantar bakinsa da ke sauya lambar.

Na'urar ta dace da ma'aikatar da ke auna fikafikanta tun suna sababbi, take maimaita awon a wurare guda duk lokacin gyara, sannan take da madubin ƙara girma da za ta tabbatar da abin da ta gani. Wadda ba ta ajiye awon farko ba, ba ta da abin da za ta kwatanta sabon awon da shi.