Wace safar hannu za ka saya idan roba na sa maka ƙuraje?

Mutane da yawa da zarar hannu ya fara ƙaiƙayi sai su ɗora wa latas (robar da ake samu daga ruwan itace) laifi, su koma nitiril (robar da ake haɗawa da sinadarai a masana'anta), amma ƙurajen su ƙi tafiya. Matsalar iri biyu ce. Akwai ta furotin ɗin ruwan itacen roba, wadda cikin 'yan mintoci fata za ta yi ruɗu-ruɗu, wani har numfashi ya sarƙe masa. Akwai kuma ta sinadaran da ake zubawa don roba ta yi saurin nuna in ana dafa ta da farar wuta: tiyuram, kabamet, MBT da DPG. Gumi ne ke jiƙo su daga jikin safar, kuma sai bayan awa 24 zuwa 72 abin ke bayyana. Fatar bayan hannu ta yi ja, ta tsattsage, kurjin ya tsaya cak inda bakin safar ya ƙare. Nitiril na gama-gari ma da irin waɗannan sinadaran ake yin sa.

Shi ya sa zaɓina nitiril ɗin da aka rubuta wa "accelerator-free" a kwali. Ba shi da furotin ɗin latas, ba a kuma sa masa waɗancan sinadaran ba. Yana kama yatsu yadda ya kamata, yana jure mai, kuma in ya huje sai ya yage a fili ka gani, ba ya ɓoye ƙaramar ƙofa. Ya fi tsada, amma ga mai sa safa awa shida ko takwas a yini, kuɗin bai tafi a banza ba. Binil, wato safar filastik ɗin PVC, ba shi da sinadaran, sai dai sakwa-sakwa yake, ga saurin yagewa. Niyofirin kuwa, wata robar masana'anta, sau da yawa yana ɗauke da tiyoyuriya, ita ma tana tayar da fata.

Inda ake cutar mai saye shi ne rubutun kwali. "Latex-free" cewa kawai yake babu latas, bai ce komai kan sinadarai ba. "Hypoallergenic" kuwa, wato wai ba ya cika tayar da fata, kada ka dogara da shi. FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta hana rubuta shi a kan kayan asibiti masu latas. Ita ce kuma ta haramta safar asibiti mai hoda tun Janairun 2017. Akwai kuma masu haɗa binil da ɗan nitiril kaɗan, su rina shi shuɗi, su sayar da sunan nitiril. Ja yatsa ɗaya na safar ka saki: na gaske yana miƙewa sosai ya koma, na jabu sai ya saki jiki ko ya tsinke. Duba lambar ƙa'idar ingancin safar asibiti, EN 455 ko ASTM D6319, sannan ka nemi takardar kamfanin da ta faɗi sinadaran da ke ciki. Mai sayarwar da ya kasa kawo ta, bar masa kayansa.

Kafin ka sayi katan guda, je wurin likitan fata a yi maka gwajin manne. Ana liƙa sinadaran a gadon baya na awa 48, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Sunan sinadarin da ya fito a sakamakon shi za ka nema a takardar kamfanin don ka guje masa.