Na sayi RTX 3060, tsohuwar furosesa ta ba ni kunya gaban ƴan fada

Wata bakwai ina tara kuɗin katin nan, RTX 3060, wato katin da ke zana hoton wasanni a kwamfuta. Ba sai na faɗi farashi ba, duk mai bin harkar a Damagaram ya san nawa ake sakin RTX 3060 na hannu in ya iso daga Kano, ya kuma san masu kawo shi. Da katin GTX 1050 Ti nake fama a da, mai ma'ajiya giga 4, bawan Allah mai haƙuri, ko igiyar wuta ba ya nema, wat 75 ɗinsa yake sha a jikin kart mer, babban faifan da ake dasa komai a kai cikin kwamfuta, ya yi shiru. Shi kuwa wannan giga 12 gare shi, wat 170 yake ci, sai da na ƙara kuɗi na sayi akwatin wuta mai wat 550 kafin ya yarda ya tashi.

Ranar da na je ɗauka sai da na tambayi mai shagon: "Alhaji, furosesa i5-3470 ce a kwamfutata, za su tafi tare?" Ya ce, "Ƙanena, sa kawai, kai da kanka za ka dawo ka gode mini."

Daren Asabar bayan isha'i na tara ƴan fadarmu a ɗakina, mu shida. An ɗora shayi, an jona manet biyu na buga wasa, na buɗe wasan ƙwallo na FC 24 ina cika baki. Hoton kam ya fito, ciyawar fili har kamar ka taɓa. Amma ana take ƙwallo sai wasan ya fara tsinkewa. Ɗan wasa na gudu, ya daskare kamar an riƙe masa riga, sai kuma ka gan shi can gaba. An bugo kwana, ban ga tashin ƙwallon ba, a raga kawai na tsince ta. Wani ya ce, "Yaya, wannan shi ne na wata bakwai ɗin?" Aka fashe da dariya har mai zuba shayi ya ɓarar da kofi a tabarma. Na ce kuran ne ya yi ƙasa. Ba kuran ba ne, ni ma na sani.

Bayan sun watse ban yi barci ba. Na kunna manhajar MSI Afterburner don in ga lambobin aikin furosesa da kati a gefen allo, na shiga wasan Cyberpunk 2077, wajen da mutane suka yi yawa a titi. Furosesa ta manne a kashi 100, duka ƙwayoyinta huɗu, shi kuwa katin yana hamma tsakanin 40 da 50. Na sauke ingancin hoto zuwa ƙasa, hotunan da ke fita a daƙiƙa ba su ƙaru ba, suna nan talatin da ƴan kai. Na mayar da shi sama, haka dai. Nan na gane inda gizo ke saƙa. Furosesa ce ke lissafa motsin kowane mutum da mota da ƙwallo, sai ta gama ta miƙa wa kati ya zana. Tawa ta 2012 ce, katin na 2021. Na ɗaura doki a amalanken jaki. Da safe na duba, ashe FC 24 ɗin ma mafi ƙarancin furosesar da yake nema i5-6600K ce, wadda ta fi tawa. Wannan kam laifina ne, a rubuce yake ban karanta ba.

Abin da ya wanke katin shi ne gwajin da muka yi a Birni, gidan wani abokina mai furosesa Ryzen 5 3600, ƙwaya shida, da katin GTX 1660 Super mai giga 6. Na naɗe nawa a rawani na hau kabu-kabu. Muna sa shi a tasa kwamfutar sai ga wani abu daban. Wurin nan da nake samun talatin da ƴan kai, ya haura sittin ya zauna, katin na aiki kashi 97, ba tsinkewa ko ɗaya. Muka kunna DLSS, dabarar da ke ƙara yawan hotuna a daƙiƙa, abin da 1660 ba ya da shi, ya ƙara sama. Wallahi sai da na ji kamar in rungume shi. Kati ne na gaske, duk mai furosesa ta kirki ya saya ido rufe.

Sai muka juya, na kawo 1660 ɗinsa gida na sa a tawa. Lamba kusan ɗaya da ta 3060. Wato da ƙaramin na saya, da abin da zan gani ke nan, ragowar kuɗin kuma ya tafi wajen furosesa.

A nan ne raina ke sake ɓaci duk lokacin da na tuna. Mai shagon nan ya ji sunan furosesata da kunnensa. Sana'arsa ce, ya san ba a cire i5-3470 a dasa Ryzen haka kawai, sai an canza kart mer, an bar tsohuwar ma'ajiyar RAM ta DDR3 an koma DDR4. Kalma ɗaya ta ishe ni, ya zaɓi ya yi shiru. Kuma "kamar sabo" ɗin da ya ce, da muka haska tocila tsakanin ƙarafan sanyaya, ƙura ce danƙare kamar ya yi hunturu uku a bakin kasuwar Dole. Da rana tsaka, cikin zafin watan Afrilu, ya kai digiri 82 kafin mu hure shi, kuma fanka ɗaya tana wani ƙara-ƙara in ta ɗauki gudu. Na koma na faɗa masa, ya ce kayan hannu ba a mayarwa, amma yana da kart mer mai kyau in ina so.

Yanzu dai 3060 ɗin na can Birni, ni ina nan da 1660 ɗin aro tunda a wajena duk ɗaya ne. Mako uku ke nan. Jiya na kira abokin nawa na ce na kusa haɗa kuɗin furosesa Ryzen 5 5600, ya ce kada in gaggauta, in bi a hankali.