Safar nailan ta raba ni da bororo, amma ɗinkinta ya ci ni

Shekara 6 ke nan da aka yanke mini ƙafar hagu a ƙasan gwiwa, kuma mai sa ƙafar roba ya san ba ita ce ke ba mutum wuya ba, abin da ke tsakaninta da fata ne. Da can safar auduga nake sawa mai ninki 3, in yamma ta yi dungun ya rage kumburi sai in ɗora mai ninki 1. Zufa ce ke ɓata komai. Da audugar ta jiƙe sai ta manne wa fata, kowane taku ta ja ta sama ta dawo da ita ƙasa, ƙashi kuma na nasa motsin daga ciki. Bororo ba ya rabuwa da kan ƙashin ƙaurina.

Mai gyara mini ƙafar ne ya ce in gwada siririyar safar nailan, in fara sa ta a jikin fata, sannan ta ulu a kai, don gugar ta koma tsakanin safa da safa. Ban yarda ba, don da na riƙe ta kamar ba komai a hannuna.

Ranar farko na yi kusan awa 4 a tsaye da tafiya cikin zafi. Ina ta jiran raɗaɗin nan da na saba, shiru. Da na dawo na cire ƙafar a hankali, gabana na faɗuwa, na haska wurin da fitilar waya, na sa madubi na leƙa bayan gwiwa. Ja kaɗan kawai, kafin minti 15 ya baje. Ulun ya shanye zufar, ya yi nauyi a hannu, amma fatar lafiya lau. Wallahi sai da na zauna na yi shiru, don na manta rabon da in cire ƙafa ban nemi magani ba.

To amma ɗinkin ƙasanta! Wanda ya tsara safar nan bai taɓa ɗora nauyinsa a kan dungu ba. Ɗinkin ya zauna daidai kan tabon tiyata, a kwana na 5 ya yi mini zane kamar an ɗaure da zare. Dole na riƙa juya ta bai-bai. Ga santsi ya yi yawa, in ina hawan bene sai in ji dungun na zamewa a cikin soket, wato kwanon ƙafar robar da yake shiga, har na ƙara ninki. Guda 2 cikin 3 kuma sun tsage kafin wata, alhali da hannu nake wankewa da ruwan sanyi.

Zan sake saye, amma sai na sa yatsa na shafa ƙasanta tukuna. In na ji tudun ɗinki, zan ajiye musu abarsu.