Rani biyu da manhajar Forest Watcher a dajin kudancin Garwa

Ƙauyenmu yana kudu da Garwa a arewacin Kamaru, ba nisa da hanyar Ngaundere, kuma tun kaka da kakanni akwai wani yankin daji da aka keɓe tsakanin gonaki da rafi. A nan mata suke samun itacen girki, a nan kuma makiyaya suke saran ganyen madaci da kawo su ba shanu idan rani ya tsananta. Da jauro, wato mai garinmu, ya sa ni cikin masu kula da wannan daji bayan na bar aikin koyarwa, abin da ya fi damuna shi ne ba mu da wata hujja a hannu. Kowa yana cewa daji ya ragu, amma idan aka tambayi ina ya ragu, da wace shekara, sai maganganu su sha bamban. Wani yaro ɗan ƙanena, wanda ya yi karatu a makarantar kula da namun daji ta Garwa, wadda aka buɗe tun 1970, shi ne ya sa mini manhajar Forest Watcher ta sa ido kan daji a waya, ya kuma nuna mini shafin Global Forest Watch wanda take ɗebo bayananta daga gare shi. Yau rani biyu ke nan ina aiki da su.

Cibiyar World Resources Institute da ke Amurka ce ta buɗe shafin a 2014, manhajar wayar kuma ta biyo baya a 2017. Ba a biyan ko sisi, sai dai kuɗin data. Mutum yana yin rajista da adireshin imel, ya zana iyakar dajinsa a kan taswira, daga nan shafin ya riƙa nuna masa inda itatuwa suka ɓace shekara bayan shekara tun daga 2001, da kuma inda aka hango wuta. Lissafin ɓacewar itatuwan aikin masanan Jami'ar Maryland ne, ƙarƙashin jagorancin Matthew Hansen, kuma suna yin sa ne da hotunan taurarin ɗan Adam na Landsat. Abin da ya sa manhajar wayar ta dace da mu shi ne ana iya sauke taswira da gargaɗin wuta ko na sara a inda akwai sabis, sannan a shiga daji da su ko babu intanet. Waya tana nuna wa mutum inda yake tsaye da inda alamar take, idan ya isa ya ɗauki hoto, ya cike ɗan takaitaccen rahoto, rahoton kuma ya jira a cikin wayar har a dawo gari.

Inda na fi samun amfaninta shi ne sha'anin wuta, kuma a nan ba ni da abin faɗi sai yabo. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san cewa daga watan Nuwamba, da zarar ciyawa ta bushe iskar hunturu ta taso, wuta ce babbar abokiyar gabar ƙananan itatuwa. Wutar farkon kaka, wadda ake sawa ciyawa tana da sauran danshi, ba ta cika yin ɓarna ba, har ma jami'an gandun daji sukan sa ta da gangan don ta rage abin da zai ci daga baya. Wutar Fabrairu da Maris ita ce mai kashe tsiro har saiwa. Na'urar VIIRS da ke kan taurarin Amurka tana gano zafin wuta a fili mai faɗin mita 375, tana kuma ratsa samanmu kusan sau biyu a yini, da azahar da kuma tsakar dare. Da muka tara ɗigon wutar rani guda a kan taswira, sai muka ga abin da ba mu taɓa lura da shi ba: yawancin wutar tana shigo mana ne ta kusurwa guda, ta gabas, inda wata tsohuwar hanyar mafarauta ta ratsa. Shekara da shekaru ana ɗora laifin a kan makiyayan da ke sauka a yamma, har an sha kai ƙara gaban lawan, wato basaraken yankinmu. Na kai wa jauro wayar, na ce masa, “Ranka ya daɗe, ga inda take fitowa.” Ya daɗe yana kallo, sannan ya sa aka kira arɗo. A kaka ta gaba manoma da makiyaya tare suka share layin kare wuta a gabas ɗin. Ko wannan kaɗai manhajar ta yi mana, ta biya kuɗin datar da na kashe.

Duk da haka wutar da aka sa da la'asar ta mutu kafin dare takan wuce ba a gan ta ba, haka ma ƙaramar wuta ta mai zuma a gindin itace. Gargaɗin kuma ba ƙararrawar kashe gobara ba ne, domin kafin ya iso waya wuta ta riga ta yi tafiya. Amfaninsa na gaskiya shi ne tara shaida a kan inda wuta take yawan tashi da lokacin da take tashi.

Batun ƙidayar itatuwa kuwa sai an yi a hankali, kuma wannan ne dalilin da ya sa na zauna rubuta sharhin nan. Hoton Landsat yana raba ƙasa gida-gida, kowane gida mita 30 tsawo da mita 30 faɗi, wato murabba'in mita 900. Rubu'in hekta, ma'aunin da manoman audugarmu suka saba da shi, bai cika gida uku ba. Abin da masanan suke kira itace shi ne tsiron da ya haura mita 5, taswirar kuma idan aka buɗe ta tana farawa ne da wuraren da inuwar itatuwa ta rufe kashi 30 cikin ɗari na fili. Wannan ma'auni ya dace da dazukan kudancin Kamaru, inda rassa suke haɗuwa har rana ba ta taɓa ƙasa, kuma masu shafin ba su ɓoye haka ba, sun rubuta shi a bayanin taswirar. Dajinmu ba haka yake ba. Namu marke ne nan, kaɗanya can, ɗorawa a tsakiyar gona, aduwa a kan fako, tsakaninsu ciyawa da sabara. Ranar da na fara buɗe taswirar na ga kurmin bakin rafi ya fito kore shar, sauran dajin kuwa, wanda na san itatuwansa kamar yadda na san 'ya'yan unguwa, ya fito fari kamar ba kowa. Sai da na rage ma'aunin inuwar zuwa kashi 10 sannan wani sashensa ya bayyana.

Wannan yana da muhimmanci saboda yadda ake kashe daji a wajenmu. Ba a zuwa da katafila a share hekta ɗari a rana guda. Mai gawayi yana zaɓar ƙirya ko marke guda, ya sare, ya binne, ya ƙona, mako mai zuwa ya koma wani wuri. Mace tana yanke reshe, makiyayi yana yi wa madaci aski har ya gaza sake toho. A cikin shekara biyar daji yana iya rasa manyan itatuwansa ba tare da gida ɗaya ya canza launi a taswira ba. Gargaɗin sara na gaggawa da ake yi da radar na taurarin Sentinel ma an keɓe shi ne ga dazukan da ke samun ruwa mai yawa. Saboda haka duk wanda ya buɗe shafin ya ga babu jan ɗigo a yankinsa, kada ya je ya shaida wa lamiɗo cewa daji lafiya lau yake.

Masana sun san da wannan giɓi. A 2020 wata tawaga ƙarƙashin Martin Brandt na Jami'ar Kopenhagen ta yi amfani da hotunan da ke iya nuna abin da bai kai mita guda ba, ta ƙidaya itatuwa sama da biliyan 1.8 a fili mai murabba'in kilomita miliyan 1.3 a yammacin Sahara da Sahel, a wuraren da tsofaffin taswirori suke nunawa kamar babu komai. Shi ma shafin Global Forest Watch ya ƙara wata taswira ta itatuwan ƙasashe masu zafi mai gida na mita 10, wadda ke nuna yadda abubuwa suke a 2020. Na gwada ta, kuma ta fi kama da dajin da na sani nesa ba kusa ba, har itatuwan cikin gonaki ta nuna. Sai dai hoton shekara guda ce, ba ta gaya wa mutum abin da aka sare bara.

Akwai ƙananan abubuwa da mai niyyar amfani da ita ya kamata ya shirya musu. Ana samun ta da Faransanci da Ingilishi da wasu harsuna, amma babu Hausa ko Fulatanci, don haka a kwamitinmu ni da ɗan ƙanena ne kaɗai muke iya karanta ta, kuma ina fatan wata rana a fassara ta. Sauke taswira yana cin data, ni nakan bari sai na shiga Garwa. Neman wuri da tauraro yana shan batir, musamman a zafin Afrilu, saboda haka ba na shiga daji sai da ƙaramin batirin caji a aljihu.

Abin da muka tsayar a ƙarshe shi ne mu haɗa ta da ƙafa da tef. Mun kafa turaku a wasu filaye ƙanana cikin dajin, mun ajiye wurin kowanne a manhajar don kada ya ɓace mana. Kowace shekara bayan girbi muna komawa, mu auna kewayen kowane itace a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, kamar yadda ma'aikatan daji suke yi a yawancin ƙasashe, mu raba da 3.14 mu sami kaurinsa, mu rubuta sunansa a littafi, mu ƙirga kututture sabo idan akwai. Tef ɗin tela muke amfani da shi. Ina ba duk wani kwamitin daji a yankin Binuwai na Kamaru shawarar ya sa manhajar, musamman idan yana da kurmin bakin rafi ko matsalar wuta. Mutanen Marwa da Kusiri can arewa, inda itatuwa suka fi namu tazara, za su sami amfanin gargaɗin wutar da alamar wuri, amma ƙidayar itatuwa sai sun yi da hannunsu. Mu dai awonmu na uku yana nan tafe a Nuwamba, kuma bana arɗo ya ce zai ba mu yara biyu su riƙe tef.