Alamar da ake maƙala wa kifin shak ko ƙashin bayansa: wanne ya fi amfani wajen tsara kamun kifi?

Baba Sarkin Ruwa, barka da war haka. Ka tambaye mu a ƙungiya cewa ka ji masu binciken teku suna yanka ƙashin bayan kifin shak don su gane inda aka haife shi. Ka ce me ya kawo wannan wahalar, alhali ana iya kama kifi da ransa, a sa masa alama, a sake shi a bi sawunsa? Kuma mu 'yan bakin kogin Haɗeja, da ba mu da teku balle shak, ina ribarmu a ciki?

Sa alama ba abin rainawa ba ne. A Amurka tun 1962 ake wani shiri inda masunta da kansu ke soka wa shak 'yar roba mai lamba, duk wanda ya sake kama shi ya kai rahoto. Da irin wannan dabarar wani mai bincike, Thomas Thorson, ya warware gardamar shak ɗin tafkin Nikaragwa: an daɗe ana zaton a kulle suke a tafkin, sai ga lambobinsa sun nuna suna bin kogin San Juan suna shiga teku suna dawowa. Daga baya aka samu na'ura mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. A 2003 an sa wa wata farar shak irinta a Afirka ta Kudu, ta yi tafiyar kusan kilomita 11,000 zuwa yammacin Ostireliya cikin kwana 99. Babu ƙashin da zai zana maka hanya dalla-dalla haka.

Sai dai alama ba ta san komai ba kafin ranar da aka sa ta. Kifin da ka kama yana da shekara goma, waɗannan shekarun sun wuce ka. Batir yana ƙarewa, na'urar da tsada, mafi yawan lambobin roba kuma ba a sake jin ɗuriyarsu.

Nan ƙashin baya ya yi zarra. Shak ba shi da ƙashi irin na tarwaɗa ko giwan ruwa, jikinsa guringuntsi ne, amma tsakiyar kowace gaɓa ta bayansa tana taurara da sinadarin kalsiyom. In aka yanka gaɓar siriri aka ɗaga ta a haske, za ka ga zobba, fari da duhu, suna kewaye da juna daga cibiya zuwa baki, kamar yadda makiyayi ke duba zobban ƙahon saniya ya faɗi shekarunta. Kowane zobe, a lokacin da yake ginuwa, yana haɗiye ɗan abin da ke cikin ruwan da kifin yake zaune. Ruwan gishiri ya fi yawan wani sinadari da ake kira sitirontiyom, ruwan daɗi da bakin kogi, wato inda kogi ke haɗuwa da teku, sun fi yawan wani da ake kira bariyom. Sai a sa hasken lesa ya bi layi yana ƙona ɗigo-ɗigo daga cibiya zuwa baki, na'ura tana auna ƙurar da ke tashi.

Ɗauki shak ɗin nan mai shiga ruwan daɗi, wanda a kudancin Afirka ake kira da sunan kogin Zambezi. Uwar tana zuwa bakin kogi ta haihu, 'ya'yan su yi ƙuruciyarsu a can kafin su fita teku. A gaɓarsa akwai zoben haihuwa, wato wanda ke nuna lokacin da aka haife shi. Bayan wannan zoben, awon bariyom yana sama, can gaba sai ya sauka sitirontiyom ya hau, wato lokacin da ya bar kogi ke nan. Abin da ke ciki kafin zoben haihuwa kuwa labarin ruwan da uwar ta zauna ne tana ɗauke da shi. Wannan ɓangaren shi ya fi taɓa ni, domin kifi ɗaya da ya mutu a komar wani ya ba da labarin kansa da na uwarsa.

Akwai kuma maganar shekaru. Gwajin bama-baman nukiliya na ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960 ya bar wani nau'in sinadarin kabon a teku, ya shiga zobban kifayen da ke raye a lokacin. Da shi aka gano a 2014 cewa wani farin shak na arewa maso yammacin Atilantika ya kai kimanin shekara 73, fiye da abin da ake zato nesa ba kusa ba. An kuma fahimci ƙirga zobba kaɗai yana rage wa tsofaffin shak shekaru. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai yanke adadin da za a kama: dabbar da ke jinkirin balaga, ta haifi 'ya'ya kaɗan, ba ta jure irin kamun da ake yi wa karfasa. Binciken da aka fitar a 2021 ya nuna shak da danginsu na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 tun 1970.

Ƙashin ma yana da nasa cikas. Sai kifi ya mutu ake samunsa, ko da yake galibi daga wanda aka riga aka kawo kasuwa ake cira. Ba ya kiran sunan wuri: sai an fara tattara jarirai daga kowane bakin kogi an san tambarin ruwansa, sannan a gwada da na manya. Zafin ruwa da abinci suna iya sauya awon, a tsakiyar teku kuma ruwan wurare da yawa kusan iri ɗaya ne.

Duk da haka, Baba, in don tsara kamu ne, ni ƙashi na zaɓa. Abin da hukuma ke bukatar sani shi ne wane bakin kogi ne ke ciyar da teku da 'ya'ya, don a hana taru a wurin lokacin haihuwa. Alama ta fi kyau in ana son sanin iyakokin ƙasashen da kifi ke ƙetarewa.

Ribarmu kuwa tana cikin kan kifinmu. Giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa suna da 'yan fararen duwatsu a kunne, ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, su ma zobe-zobe suke girma suna riƙe tambarin ruwa, kuma da irin wannan na'urar ake karanta su. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 ambaliyar fadamunmu ta sauya, kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kullum muna musu a kan inda kifi ke ƙyanƙyasa yanzu. Ƙasar sama wajen Tiga ta tsohon dutse ce, tamu ta nan yashi da laka ne na kwarin Chadi, kuma irin wannan bambancin ƙasa ne masu awon sitirontiyom ke nema a ruwan daɗi.

Shawarata ita ce ƙungiya ta rubuta wa cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta New Bussa ta gabatar da wannan tambayar. Kafin nan, duk wanda ya kama babban giwan ruwa ya fasa kan a hankali ya ciro duwatsun, ya wanke, ya shanya a inuwa, ya sa a ambulan, ya rubuta ranar kamu da wurin da tsawon kifin. In ka amince, ranar kasuwa zan zo bakin ruwa in nuna wa yaranka yadda ake cirowa ba tare da sun fashe ba.