Karatun Sifaniyanci a jami'a: inda na ke tura mutane, da tarkon dillalan takardu

Tun da na fara fassara wa 'yan kasuwar zoɓorodo na Dawanau saƙonnin abokan cinikinsu na Meziko, iyaye da ɗalibai ke tare ni da tambaya iri ɗaya: ina ya fi a je a karanci Sifaniyanci, kuma yana ciyar da mai shi? Ciyarwa kam yana yi. Kusan mutum miliyan 500 suka sha shi a nono. Harshen hukuma ne a ƙasashe 20, har da Ikwatoriyal Gini da ke nan gefenmu, yana kuma cikin harsuna 6 na Majalisar Ɗinkin Duniya da na Tarayyar Afirka. Zoɓorodon Jigawa Meziko yake tafiya, fatun Kano na shiga masana'antun Sifaniya, iskar gas ɗin Najeriya ma haka. Duk cinikin nan sai da mai jin bakin ɓangarorin biyu, kuma Bahaushe mai wannan harshe ba shi da yawa.

In ka tambaye ni wuri, Granada da ke yankin Andalus a kudancin Sifaniya zan ce, wadda malamanmu na tarihin Andalus ke kira Garnaɗa. Jami'arta ta gwamnati ce, an kafa ta a 1531, kuma tsangayarta ta fassara da tafinta na cikin waɗanda ake ji da su a ƙasar. Tana da cibiyar harsuna ta musamman ga baƙi, inda za ka fara daga baƙi da wasali kafin ka shiga digirin shekara 4. Kuɗin makaranta a yankin Andalus na cikin mafi sauƙi a Sifaniya, ɗakin haya ma bai kama ƙafar na Madrid ba.

Amma abin da ya sa garin ya kwanta mini a rai daban ne. Duk wanda ya yi allo ko Islamiyya ya shigo da jari a hannunsa. Makona na farko a Granada malamarmu ta rubuta alcalde a allo, ta ce shi ne shugaban gari. Na yi ta maimaita kalmar a bakina har ta fito mini: alƙali ce, daga Larabci. Azúcar sukari ne, aceite mai ne daga zaiti, ojalá da suke faɗa in suna fata kuwa sunan Allah ne a cikinta. Kalmomi wajen 4,000 Sifaniyanci ya aro daga Larabci. Ka fito daga aji ka hau unguwar Albaicín, ga masallacin da aka buɗe a 2003, fadar Alhambra na fuskantarka a ɗaya tudun, wadda ta fita hannun Musulmi a 1492. Daga garin nan Abu Ishaƙ al-Sahili ya fito, wanda ya bi Mansa Musa zuwa Mali bayan hajjinsa na 1324. Naman halal ba ya wuya, sallar Juma'a ma haka. Aibin wurin guda ne: mutanen kudu suna haɗiye harafin s a ƙarshen kalma, sai kunnenka ya yi wata biyu ko uku kafin ya saba.

Jami'ar Salamanka ta fi tsufa, tun 1218, lafazinta tas, sai dai sanyinta ba na ɗan Sahel ba ne. Basalona kada ka fara, wasu darussan da Katalanci ake yi, ka je koyon harshe ɗaya ka tarar da biyu. Madrid haya za ta cinye guzurinka. Meziko da Ajantina kuɗin jirgi kaɗai ya isa karatun shekara. Wanda aljihunsa bai kai Turai ba, Jami'ar Ghana da ke Legon na koyar da Sifaniyanci, Yawunde ta Kamaru ma haka ga mai Faransanci, kuma ba laifi gare su, illa dai kana fita daga aji harshen ya tsaya a bakin ƙofa.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne, don nan aka ƙone ni. Kafin Granada, wani dillalin karatu ya karɓi kuɗin da mahaifina ya sayar da gona ya tara, ya sama mini gurbi a wata makaranta mai zaman kanta. Takardar ta zo da tambarin zinare da sunan wata jami'a a kai. Wata tara na yi ina karatu da gaske. Da na kai takardar wurin tantancewa, ma'aikacin ya juya ta, ya sa yatsa a kan wasu kalmomi biyu ƙanana a ƙasa: título propio. Ya ce wannan shaidar makaranta ce kawai, ba digirin gwamnati ba ne. Ranar ban iya kiran gida ba.

A Sifaniya takardun jami'a iri biyu ne. Akwai título oficial, wanda gwamnati ta san da shi, da shi ake ci gaba zuwa digiri na uku. Akwai kuma título propio, wanda manyan jami'o'i ma ke bayarwa, tun 2021 kuma ana rubuta wa irin wannan mastas ɗin formación permanente. Ba jabu ba ne, amma dillali ba zai gaya maka bambancin ba. Gwamnati na da rajista a intanet mai suna RUCT, kyauta ce. Sa sunan kwas ɗin da kanka. In bai fito ba, riƙe kuɗinka.

Haka batun shaidar iya harshe. DELE ita ce ta gaske, Cibiyar Cervantes da aka kafa a 1991 ke shirya ta, matakinta daga A1 zuwa C2, kuma ba ta tsufa. SIELE ma sahihiya ce, amma shekara 5 take yi. Yawancin jami'o'i B1 ko B2 suke nema. Wanda ya ce zai kawo maka DELE ba tare da ka zauna jarrabawa ba, ɓarawo ne. Wanda ya ce a tura kuɗin makaranta asusunsa, shi zai biya, shi ma haka. Wanda ya yi alkawarin biza tabbas, tambaye shi ko shi ne jakada. Ofishin jakadanci zai nemi shaidar kana da Yuro 600 na kowane wata, da takardunka da mai fassara mai rantsuwa ya fassara. Bayanin banki na haya da dillalai ke sayarwa shi ke ja wa yara a hana su biza, sunansu kuma ya ɓaci.

Wasiƙar gurbin karatu in ta zo, nemo adireshin jami'ar daga shafinta, ba wanda ke jikin wasiƙar ba, ka rubuta musu ka tambaya ko sun san da sunanka. Sannan in ka shiga, haɗa Sifaniyancin da wani abu: fassara, kasuwanci, shari'a ko Larabcin da ka taho da shi. Aikina na farko mai tsoka kwangilar kwantena biyu ce ta zoɓorodo, kuma abin da ya ba ni shi shi ne kwas ɗin fassarar takardun ciniki da na ɗauka a shekara ta uku.